Don Allah ku bari tsohuwar ta gama magana kafin ku yi dariya

Kwanakin baya wani ƙanena da ke karatun Hausa ya matsa min sai na je kallon wasannin da ɗalibai suka shirya a wani ɗakin taro nan cikin garin Sakkwato, wai gajeru ne guda uku, kowanne bai kai minti ashirin ba, kuma duk sababbi ne, waɗanda suka rubuta su ma suna nan zaune cikin zauren. Gaskiya ban so zuwa ba, ga zafi ga nisa, kuma na ɗauka irin diramar nan ce ta ranar rabon kyaututtuka da za a sa wa yaro gemun auduga ya fito yana tari. Na je dai don kar ya ce na raina masa. Tun ranar abin ke cina, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Abin da na gani shi ne yaran nan sun fi mu masu kallo shiri. Su sun zo da wasa kala uku, na barkwanci da na ban tausayi da na jan rai, mu kuma kunne ɗaya muka zo da shi, kunnen dariya.

Na farkon kam babu matsala, ya dace da abin da muka zo nema. Teburin mai shayi ne, mutum biyu suna gardama kowa na cewa shi ne ya fi kusa da sabon kansila, wannan ya ce goggonsa ce ta yi renon kansilan wancan ya ce ai tare suka yi makarantar allo har allo ɗaya suke wankewa, suna ta ƙara ƙwai da madara a kan bashi don kowa na jiran "ranar da za a fara rabo". A gefen benci ga wani bawan Allah yana tsoma burodi cikin ruwan bunu bai ce kanzil ba. Tun minti na uku duk zauren ya gane shi ne kansilan, su biyun ne kaɗai ba su sani ba, to daga nan duk ƙaryar da suka ƙara sai wuri ya kece. Babu wanda ya faɗi ƙasa, babu wanda ya shafa baƙin tukunya, ba a zagi kowa ba. Da mutumin ya tashi ya biya kuɗin shayinsa shi kaɗai ya wuce, mai shayi ya ce a sauka lafiya ranka ya daɗe, wallahi har hawaye na yi. Wannan shi ne barkwancin da aka zauna aka gina, dariyar daga yanayin take fitowa, kuma ya fi ƙarfin yawancin kwamedin da muke turawa juna a WhatsApp da TikTok.

A na biyun ne aka samu matsala, kuma ba daga dandamali matsalar take ba, daga kan kujeru take.

Tsohuwa ce aka raba da ƙauyensu, ba a faɗi sunan ƙauyen ba amma duk wanda ke da dangi a gabashin jihar nan, Isa ko Sabon Birni ko Rabah, ya san labarin ba sai an yi masa bayani ba. Tana zaune gidan ɗanta a birni, da makullin ɗakinta rataye a wuya da zare, surukarta na fama da ita ta ci abinci. Maganar farko da ta fito bakinta ita ce, "Wai mi ka hana a maishe ni gida? Ruwa sun sauka, kowa ya yi shibka." Sai zaure ya fashe da dariya. A Sakkwato fa, cikin Sakkwatawa, yaran da iyayensu mata haka suke magana a gida. Ta sake buɗe baki aka sake dariya, har wani a bayana yana maimaita "shibka" yana buga cinya. Sai da aka ci kusan rabin wasan, lokacin da ɗan ya shigo ya tsuguna ya kasa gaya mata cewa ɗakin da take riƙe da makullinsa an ƙone shi tun bara, sannan wuri ya yi tsit, amma an riga an ɓata wa yarinyar da ta rubuta minti shida ko bakwai cikin minti sha biyar ɗinta.

Na daɗe ina tunanin me ya kawo haka. Ni a ganina horo ne muka sha ba mu sani ba. Shekara da shekaru a finafinan Hausa in ka ji an sa wa mutum Sakkwatanci a baki to galibi mai gadi ne ko baƙauyen da ya shigo birni ya ruɗe, alhajin gidan da likita da saurayin da ake so kuwa duk Kananci suke yi ko da labarin ya ce 'yan Gwadabawa ne. Har abin ya zauna mana a kai, muka koma in mun ji harshenmu a lasifika sai mu fara shirin dariya tun ba a faɗi abin dariyar ba. Ni kaina da nake wannan surutun ga shi da daidaitacciyar Hausa nake rubutawa, in na sa "munka" da "sunka" edita zai gyara min. Alhali da wannan karin harshen ne malaman jihadi da 'ya'yansu suka yi waƙoƙin wa'azi da na makoki, da shi Narambaɗa ya yi wa sarkin Gobir na Isa waƙa, babu wanda ya taɓa cewa wasa suke yi.

Kuma ba wai wasan kwaikwayo baƙo ne a wurinmu ba balle a ce ba mu iya kallo ba. Kowace shekara daga goma ga azumi yara na fita tashe, kuma in ka duba da kyau kowane tashe gajeren wasa ne cikakke, da shigarsa da waƙarsa da wanda ake yi wa shaguɓe, cikin minti biyu an gama an karɓi sadaka an wuce gida na gaba. A rubuce ma muna cikin na farko-farko, bayan wasanni shida da Baturen nan Rupert East ya fitar a shekarun 1930, Wasan Marafa na Abubakar Tunau da ya fito a 1949 na cikin waɗanda ake fara lissafawa, kuma ɗan tsohon lardin Sakkwato ne. Waɗanda suka girme ni kaɗan har gobe suna ba da labarin Duniya Budurwar Wawa a gidan rediyon Rima da Idon Matambayi a NTA Sakkwato, yadda ake taruwa gidan mai talabijin ɗaya a unguwa. Sai dai in ka lura yawancin abin da muka gada kala biyu ne, ko dai a ba ka dariya ko a yi maka faɗakarwa, sau da yawa ma a haɗa maka duka biyun. Wasan da zai bar ka da nauyi a ƙirji ka tafi gida da shi ba tare da an ce maka ga darasi ba, shi ne ba mu saba da shi ba.

Wannan gadon na faɗakarwa shi ya kashe min wasa na uku, wanda da shi ne zai fi duka. Ɗan kabu-kabu ne ya dawo gida da dare da jakar da fasinja ya manta a kan babur ɗinsa, matarsa ta ce a buɗe shi ya ce a'a, suna cikin haka sai waya ta fara ƙara a cikin jakar. Ta katse, ta sake ƙara. Ana nan sai aka buga ƙofa. Kayan wasan duka jaka ɗaya ce da tabarma da tocila, amma na ga wata mata a gabana ta cusa bakin hijabi a baki, har aka ɗauke wuta a zauren mutane suka ɗauka cikin wasan ne babu wanda ya motsa. Marubucin ya san abin da masu jan rai suka sani, abin da ba ka gani ba ya fi tsorata ka. To me ya faru a ƙarshe? Aka buɗe ƙofa sai ga wani malam da rawani ya shigo ya tsaya tsakiyar dandamali ya yi mana minti uku cur a kan riƙon amana, jaka kuma ashe takardun makaranta ne. Kai jama'a. Ai mun riga mun ga amanar, mutumin nan minti goma yana hana matarsa da kansa buɗe jakar da ba tasa ba ga shi ko na cefane babu a gidan, wane wa'azi ne ya wuce wannan? Na gaya wa yaron da ya rubuta wasan haka bayan an tashi, ya ce min malaminsu ne ya ce wasan ba shi da "saƙo" in ba a ƙara wurin ba. Ban ga laifin yaron ba.

Na san wasu za su ce to duk wannan a kan wasan minti sha biyar na ɗalibai? Ai nan ne ma aikin yake. Mai dogon fim mai zango goma yana da damar ya ɓata awa guda ana gaisuwa ana shiga mota ana fita, shi kuwa mai gajeren wasa in ya yi sakaci da minti biyun farko shi ke nan ya rasa mu, dole ya shigo labarin daga tsakiya, mutum biyu ko uku, wuri ɗaya, matsala ɗaya. A Amurka har gasa ake yi ta wasan minti goma, wani gidan wasa a birnin Luwibil na jihar Kentaki ne ya yayata tsarin tun wajen ƙarshen shekarun 1970, kuma manyan marubuta ba sa jin kunyar shiga. Mu nan gajeren labari ya samu gata, tun 2016 BBC Hausa ke gudanar da gasar Hikayata ta mata kuma kowa ya ga yadda ta fito da sababbin marubuta, shi kuwa gajeren wasa maraya ne. Babbar kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG mai dala 100,000 sai bayan shekara huɗu take zagayowa kan wasan kwaikwayo, kuma da Turanci ake shiga, wanda ya rubuta da Hausa balle Sakkwatanci ko layin ba ya ciki.

Akwai kuma masu cewa dandamali ba wurin 'ya'yan mutunci ba ne, kuma ba zan ce damuwarsu ba ta da tushe ba, mun ga abin da wasu ke yi da sunan wasa. Amma abin da na kalla ranar babu rawa babu kiɗa babu cakuɗa, tsohuwa ce da hijabi har ƙasa tana tambayar gonarta. In wannan ma ya yi wa wani nauyi to ga rediyo nan, wanda dama shi ya fi dacewa da gajeren wasa, kuma gidajen rediyo sun yi yawa a garin nan yanzu, kowanne na da awannin da yake cikewa da gaishe-gaishe. Minti sha biyar a mako ba zai karya kowa ba. Ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sashen harsunan Najeriya da cibiyar nazarin Hausa, ga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, duk shekara ana yaye ɗaliban da aka koya wa jigo da salo da zubi da tsarin wasan kwaikwayo, amma littattafan da suke nazari yawanci sun girmi iyayensu. A riƙa ba su na tsararsu su feɗe mana, ko a ware 27 ga Maris da ake ranar wasan kwaikwayo ta duniya a riƙa tara sababbi guda biyar ko shida a nuna, a buga su cikin ɗan littafi ɗaya ko da na fotokwafi ne.

Kafin in bar wurin na nemi wadda ta rubuta wasan tsohuwar, ta hannun ƙanen nawa, na ce ina son in karanta rubutun. A waya ta rubuta shi, bai wuce shafi shida ba da aka turo min. Wurin da ɗan ya tsuguna ya kasa magana, ta sa umarni a cikin baka cewa tsohuwa za ta cire makullin daga wuyanta ta riƙe, ta yi shiru na minti ɗaya cif, kada kowa ya motsa. A dandamali ko daƙiƙa goma ba a yi ba. Na tambayi ƙanena dalili ya ce tun wajen rihaza suka yanke shawarar ragewa, wai suna tsoron in shirun ya yi tsawo wani zai yi tari ko ya kwaikwayi muryar tsohuwar daga baya, zauren ya sake ɓarkewa.