Naman Sallah, Wando da Ruwan Inabi: Rigingimun Lamiri a Gida da Ingila

Idan mutum ya bi diddigin abubuwan da suka fi raba kan masu bi a ikilisiyoyinmu na Arewacin Najeriya, zai tarar ba kasafai ake jayayya a kan mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa daga matattu ba, domin wannan kowa ya amince da shi. Abin da ke sa dattijo ya daina amsa gaisuwar ɗan'uwansa, ko a mayar da mace kujerar baya, ko iyali su tattara su koma wata majami'a, yawanci shi ne sa wando ga mace, da shiga sujada ba ɗankwali, da 'yan kunne, da kurɓar ruwan inabi a wurin biki, da cin naman da maƙwabci Musulmi ya aiko ranar Babbar Sallah. Ni ɗan ikilisiyar ECWA (Evangelical Church Winning All) ne, a cikinta aka haife ni aka kuma yi mini baftisma, kuma zaman da nake yi a arewacin Ingila bai rage mini ƙaunarta ko kaɗan ba. Sai dai ya tabbatar mini da cewa a gida muna ɗora wa waɗannan abubuwa nauyin da Littafi Mai Tsarki bai ɗora musu ba, mu kuma da muka fito waje muna dab da faɗawa cikin wani laifi dabam wanda Manzo Bulus ya ambata a wuri guda da laifin hukunta juna, wato reni.

Wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, sura ta 14 har zuwa farkon ta 15, ba a kan iska aka rubuta ta ba. Wajen shekara ta 49 bayan haihuwar Almasihu, Sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga birnin Roma, kamar yadda Ayyukan Manzanni 18:2 ta nuna, har da waɗanda suka riga suka ba da gaskiya ga Yesu. Da sarkin ya mutu a shekara ta 54 suka soma komowa, sai suka iske ikilisiya a hannun 'yan'uwa waɗanda ba Yahudawa ba, masu cin kowane irin nama, waɗanda kuma ba su ɗauki wata rana ta fi wata ba. Waɗansu daga cikin masu komowar suka gwammace su ci ganye kawai don gudun ƙazantuwa. Bulus bai ɓoye ra'ayinsa ba, ya faɗa a fili cewa shi ya tabbata babu abincin da yake da ƙazanta don kansa. Duk da haka bai umarci mai cin ganye ya ci nama ba, bai kuma umarci mai cin nama ya amsa cewa ya yi zunubi ba. Umarninsa shi ne mai ci kada ya rena marar ci, marar ci kuma kada ya hukunta mai ci, domin Allah ya riga ya karɓe shi, kuma bawa ga ubangijinsa yake tsayawa ko ya fāɗi.

Dokokin da muka tashi a cikinsu suna da dalili, kuma wanda bai san dalilin ba bai kamata ya yi gaggawar kushe su ba. Turawan mishan na SIM (Sudan Interior Mission), waɗanda na farkonsu suka sauka Legas a 1893, da na SUM (Sudan United Mission) da suka isa Wase a 1904, da yawansu sun fito ne daga ikilisiyoyin Amurka da Kanada da Birtaniya inda yaƙi da shan barasa yake da ƙarfi ƙwarai a wancan zamani. A Amurka ne wani ɗan Methodist, Thomas Welch, ya samo hanyar adana ruwan inabi ba tare da ya yi tsami ba a 1869, domin a yi Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ruwan inabi don tunawa da mutuwar Yesu, da abin da ba ya sa maye. Da suka zo ƙasarmu kuma suka tarar burukutu yana ɗaure da tsafi da bukukuwan gargajiya, a wurin Maguzawa da ƙabilun Filato da na kudancin Kaduna, ta yadda wanda ya tuba ya ci gaba da zama a gindin tukunya, da wuya ya rabu da sauran abubuwan da ake yi a wurin. Hana giya a wancan lokaci ya ceci gidaje masu yawa, ya sa kuɗin hatsi ya koma makarantar yara, kuma har yau ina ganin wanda ya ƙaurace mata ɗungum ya zaɓa wa kansa hanya mai kyau. Matsala ta soma ne lokacin da katangar da aka gina don kāre sababbin masu bi ta zama ma'aunin gane wanda ya sami ceto, aka kuma riƙa ƙara mata tsawo da wando da ɗankwali da sauransu, har yaro ya tashi bai iya bambanta dokar Allah da ƙa'idar ikilisiyarsu ba.

A nan Ingila na ga ikilisiyoyi biyu da suka saɓa a kan wannan batu na ruwan inabi, kuma kowacce ta rubuta matsayinta a dokarta. Cocin Ingila, wato Angilikan, dokarsa ta ce dole ruwan Jibin Ubangiji ya zama ruwan inabi na ainihi wanda ya yi tsami, yayin da Cocin Methodist na Birtaniya ya ce dole ya zama marar sa maye. Duk da haka a 2003 ikilisiyoyin biyu suka sa hannu a kan alkawari, kowacce ta amince cewa ɗayar ikilisiyar Almasihu ce ta gaskiya, kuma akwai garuruwan da suke sujada a gini ɗaya. Ko a batun da ya fi wannan zafi, wato naɗa mata firistoci, wanda Cocin Ingila ya amince da shi a 1992 aka soma aiwatarwa a 1994, an tanadi bishop na musamman domin majami'un da lamirinsu bai yarda ba, kuma aka sabunta wannan tanadi a 2014 da aka buɗe wa mata ƙofar zama bishop. Ba ra'ayina game da naɗa mata nake bayarwa ba, hanyar da aka bi ce ta ja hankalina, domin masu rinjaye sun zauna sun rubuta yadda marasa rinjaye za su ci gaba da zama a gida ɗaya da su maimakon a nuna musu ƙofa.

Amma ba zan yaudari kowa in ce zaman lafiyar da ake gani a majami'un nan duka ƙauna ce ta haife shi ba. Kaso mai yawa na shirun da ake yi ya samo asali ne daga al'adar Turawa ta kowa ya ji da kansa. Mutum zai iya ɓacewa daga sujada wata da watanni babu wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, zai iya nutsewa cikin maye babu dattijon da zai kira shi gefe. A gida, matan Zumunta za su iso gidanka kafin rana ta faɗi idan ba a gan ka ran Lahadi ba, domin zumunta a ƙafa take, kuma wannan sa ido da ke gajiyar da matasanmu shi ne dai ke kawo maka tuwo ranar da kake kwance. Bulus bai ce a ƙyale juna ba, cewa ya yi a karɓi juna kamar yadda Almasihu ya karɓe mu, kuma ba ka karɓi mutum ba idan ba ka san halin da yake ciki ba.

Batun naman Sallah shi ne ya fi damuna, domin a kansa na ga 'yan'uwa masu tsoron Allah sun yi wa juna mummunan zato. A unguwannin da muka tashi, musayar abinci tsakanin Musulmi da Kirista al'ada ce tsohuwa, su aiko da naman layya, mu aika da shinkafa da cincin ran Kirsimeti. Mai karɓa yana da hujja a 1 Korintiyawa 10:25-27, inda Bulus ya ce a ci abin da ake sayarwa a mahauta ba tare da bincike ba, kuma idan wanda ba mai bi ba ya gayyace ka, ka ci abin da aka ajiye a gabanka. Ni ina cikin masu karɓa, ina ci da godiya, ina kuma ganin mayar da kwanon maƙwabci yana rushe amanar da aka daɗe ana ginawa. Hasali ma, a biranen Ingila kusan dukanmu a wurin mahautan Musulmi muke sayen naman akuya da kayan ciki, domin can aka fi samun su, ban kuma ji wanda lamirinsa ya dame shi a kan haka ba.

Sai dai wanda ba ya ci ba jahili ba ne. Wani yana bambanta naman kasuwa da naman da aka yanka domin ibada, yana kafa hujja da aya ta 28 ta 1 Korintiyawa 10. Wani daga Musulunci ya zo ga Almasihu, danginsa sun juya masa baya, kuma a wurinsa cin naman layya kamar komawa ne ga abin da ya bari. Wani kuma ya rasa uba ko ƙane a rikicin Kaduna na 2000 ko na Jos na 2001, kuma tun da unguwanni suka rabu bai sake iya miƙa hannu ya karɓi kwano daga wancan ɓangaren ba, kamar yadda akwai Musulmi da yawa masu irin wannan miki a zukatansu. Irin wannan ɗan'uwa ba muhawara yake bukata daga gare ni ba. Idan ya ziyarce ni a makon Sallah ba zan sa masa naman a miya in ɓoye masa ba, ba zan kuma ci a gabansa don in nuna masa 'yancina ba, domin Bulus ya ce duk wanda ya ci da shakka a zuciyarsa ya yi laifi, kuma kada in hallaka saboda abinci wanda Almasihu ya mutu dominsa. Abin da nake roƙo a wurinsa shi ne kada ya hau bagadi ya ce wanda ya ci ya yi tarayya da gumaka, domin maƙwabtanmu Musulmi ba masu bautar gunki ba ne, kuma wannan magana tana ɓata sunan ɗan'uwa a kan abin da Nassi bai yanke ba.

A ƙaramar zumuntarmu ta 'yan Arewa a nan, inda ɗan COCIN (Church of Christ in Nations) da ɗan EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya) da ɗan Baftis da ɗan Katolika suke rera waƙoƙin Hausa tare, sabuwar jayayya ita ce aikin ranar Lahadi. Tun 1994 doka ta ba manyan kantunan Ingila damar buɗewa na sa'o'i shida ran Lahadi, kuma 'yan'uwanmu da yawa da suka zo tun 2022 da bizar kula da tsofaffi ba su da ikon zaɓar ranar aikinsu. Mace za ta kwana tana ɗaga tsohuwa tana wanke ta, sanye da wandon aiki a cikin sanyin hunturu, sannan a buga mata waya daga gida a ce ta ja da baya. Wannan hukunci ne marar adalci, kuma Ubangiji da kansa ya warkar da marasa lafiya ran Asabar. Amma laifin da ya fi yawa a tsakaninmu na waje shi ne ɗayan, wato reni. Mutum ya shekara biyu a Turai sai ya soma kiran iyayensa na ikilisiya marasa wayewa, ya ɗora hotonsa da kwalba a Facebook da gangan, ya san ƙannensa a ƙauye za su gani, ya kuma san akwai wanda giya ta taɓa rusa wa gida a cikinsu. A cikin Romawa 15:1 a kan masu ƙarfi aka ɗora nauyin ɗaukar raunana, saboda haka duk wanda yake ganin ya fi fahimta, shi ne ya kamata ya fi haƙuri.

Ba kowane abu ne ya shiga wannan babi ba. Buguwa, da zina, da cin hanci, da zaluntar gwauruwa, Nassi ya yanke hukunci a kansu, ba wanda zai fake da lamiri. Haka kuma akwai bambanci tsakanin wanda halina zai sa shi tuntuɓe ya aikata abin da zuciyarsa ta hana shi, da wanda kawai ransa ya ɓaci don ban bi ɗabi'arsa ba. Na farko dole in bar 'yancina dominsa. Na biyu kuwa ina girmama shi, amma ba shi da ikon mayar da ra'ayinsa dokar kowa, kuma Bulus ɗin da ya ce zai daina cin nama har abada don ɗan'uwa, shi ne ya tsauta wa Bitrus ido da ido a Antakiya lokacin da ya janye daga cin abinci tare da masu bi waɗanda ba Yahudawa ba.

Ba sai mun aro wannan hali daga Turawa ba, domin iyayenmu sun riga sun yi shi. A 1955 aka kafa tarayyar ikilisiyoyi da yau ake kira TEKAN, kuma a cikinta akwai Lutheran na Numan masu yi wa jarirai baftisma, akwai EYN masu nutsar da babba sau uku a ruwa, masu wanke wa juna ƙafa, masu koyarwar ƙin ɗaukar makami. Waɗannan bambance-bambance sun fi ɗankwali nauyi nesa ba kusa ba, duk da haka suka haɗu suka gina kwalejin tauhidi a Bukuru inda fastocinsu ke karatu a aji ɗaya, kuma a cikin CAN, wato Ƙungiyar Kiristocin Najeriya, ECWA da TEKAN rukuni ɗaya suke. Saboda haka ina roƙon iyayenmu fastoci da dattawa, cikin ladabi, cewa kafin a sa wani a horo ko a hana shi Jibin Ubangiji, a buɗe Littafi a nuna masa ayar da ya karya. Idan ƙa'idar majami'a ce kawai, a kira ta da sunanta, a bayyana wa matasa dalilin da ya sa aka kafa ta, a roƙe su su kiyaye ta don ƙauna idan har dalilin yana nan, a kuma bar su su ci gurasa su sha ƙoƙo tare da sauran 'yan'uwa.