Renato Guttuso ya fi ƙarfin katin jam'iyyarsa

Tun rasuwar Renato Guttuso a birnin Rum a 1987, masu sukarsa a Italiya ba su daina kiransa mai zanen jam'iyya ba. Suna da hujja. Ya shiga jam'iyyar kwaminis a 1940, lokacin tana haramce a ƙarƙashin gwamnatin Mussolini, ya kuma zama sanatanta a 1976. A 1948 da shugabanta Palmiro Togliatti ya caccaki zane-zanen zamani da aka baje a Bologna, Guttuso bai bar layin jam'iyya ba. Zanensa na 1972 kan jana'izar Togliattin ma shaida ne a kansa: jajayen tutoci sun cika ko'ina, fuskokin manya an jera su, Lenin ma ya fito fiye da sau ɗaya. A ganina aikin nan ba shi da rai, don mai zanen ya riga ya yanke wa mai kallo abin da zai ji.

Amma wanda ya tsaya nan bai yi wa mutumin adalci ba.

An haife shi a Bagheria ta tsibirin Sisili a 1911. Yana yaro yakan zauna a shagon masu yi wa keken doki ado, irin yadda ake ƙawata manyan motoci a wajenmu, kuma daga nan ya ɗauko son ja da rawaya masu ƙuna. Salon da ya bi ba ya neman kamanni sak. Yana lanƙwasa jiki, ya kumbura hannu, ya tsananta launi, don abin da ke cin zuciya ya fito fili. A 1941, ana tsakiyar yaƙi, ya zana gicciye Yesu kamar yadda Kiristoci suka yi imani, da dawakai da sojoji da jikkuna a murɗe. Malaman coci suka yi masa ca. A 1944, bayan sojojin Jamus sun kashe mutum 335 a kogunan dutse na Ardeatine da ke Rum, ya zana waɗanda ake harbewa hannuwansu a ɗaure. Wa zai ce a zana irin wannan ta'asa da layi mai santsi?

Inda ya fi burge ni shi ne Vucciria, zanen tsohuwar kasuwar Palermo, babban birnin Sisili, da ya yi a 1974, mita 3 tsawo, mita 3 faɗi, wanda ya ba jami'ar birnin, yake kuma rataye a fadar Steri. Ko kusurwar sararin sama babu a cikinsa. Rabin sa da aka feɗe na lilo, mahauci na kansa da wuƙa. Ga ƙaton kifi mai baki kamar takobi an datse shi, naman ja-ja-wur. Ƙwai, cuku, lemo da ganyaye an tula su har ido ya rasa wurin hutawa, ƙwayayen lantarki na reto a bisansu. Ta tsakiya wata siririyar hanya ce, mace mai farar riga ta ba mu baya riƙe da jaka, jama'a na gogar kafaɗar juna amma babu mai yi wa wani magana. Babu tuta, babu shugaba, babu taken jam'iyya. Duk da haka ya faɗi abin da ya daɗe yana son faɗa game da talakan Sisili, wanda abinci ya kewaye shi amma fuskarsa ba walwala.

Abin mamaki, ba a Palermo ya yi aikin ba. A Velate ya zana shi, can arewacin Italiya kusa da Varese, da hotunan da ya ɗauka a kasuwar da kuma kayan abinci na gaske da aka riƙa kawo masa ɗakin aikinsa, yana ɗan shekara 62.