Wanda ya yi shiru ba shi ne ɓarawon manhaja ba

Makonni biyu kacal bayan an bankaɗo tuggun kutse da aka kitsa a cikin manhajar XZ Utils, gidauniyar OpenJS, mai ɗaukar nauyin wasu manhajojin da ake gina shafukan intanet da su, ta fito a watan Afrilun 2024 ta ce ita ma an gwada mata irin wannan salo. Wasu saƙonni ne suka riƙa shigowa suna cewa akwai babbar matsalar tsaro a wata manhajarta, don haka a gaggauta naɗa masu saƙon a matsayin masu kula da ita. Ba su faɗi ko mece ce matsalar ba, kuma babu wani aikin a-zo-a-gani da suka taɓa yi wa manhajar. Duk da haka, har yau idan aka zauna maganar 'yan sa-kai da suka yi sanyi a manhajojin da kowa ke da damar dubawa da gyarawa, shawara ɗaya ce ke fitowa: a ƙirga aikin kowa, wanda bai taɓuka komai ba a share shi, a miƙa ragama ga masu ƙwazo. Wannan batun miƙa ragamar ne ke ba ni haushi.

A XZ, wa aka ce ya yi sanyi? Lasse Collin, ɗan ƙasar Finland, wanda ya shafe fiye da shekara goma yana riƙe da manhajar kusan shi kaɗai, ba albashi. Manhaja ce ta matse fayil, tana cikin kusan kowace kwamfuta mai amfani da Linux, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta. A 2022 wasu da ba a san fuskarsu ba, masu amfani da sunayen Jigar Kumar da Dennis Ens, suka sako shi gaba: aiki ya tsaya, gyare-gyare sun taru, ba za a ci gaba ba sai an samu sabon mai kula. Collin ya amsa cewa rashin lafiya na damunsa, kuma wannan aiki ne da yake yi don sha'awa, ba wanda ke biyansa. Ba su saurara masa ba.

Wa kuma ya cika sharuɗɗan ƙwazo? Jia Tan. Tun 2021 yake aiko gyara, yana amsa tambayoyi, yana ɗauke wa Collin nauyi. Da ma'aunin masu ƙirga aiki za a bi, babu kamarsa a wajen. Ya samu makulli, wato izinin sauya manhajar kai tsaye, ya kai ga shi ke fitar da sabon zubinta, sannan a zubi na 5.6.0 da 5.6.1, a Fabrairu da Maris na 2024, ya dasa ɓoyayyiyar ƙofar da za ta ba shi damar kutsawa kwamfutocin mutane ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa. A cikin fayilolin gwaji ya ɓoye ta, inda ba kowa ke leƙawa ba. Ta riga ta shiga zubin gwaji na Debian da Fedora, wasu nau'o'in Linux, kafin Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya lura shiga kwamfutarsa na ɗaukar ƙarin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya sanar da duniya ranar 29 ga Maris. Har yau ba a tabbatar ko wane ne Jia Tan ba.

Ba shi ne karo na farko ba. A 2018 Dominic Tarr, wanda ya daɗe da daina amfani da manhajarsa event-stream, ya miƙa ta ga wani baƙo da ya nuna sha'awa. Ana sauke ta kusan sau miliyan biyu a mako. Baƙon ya cusa mata abin satar kuɗin Bitcoin daga masu amfani da Copay, wata manhajar ajiye Bitcoin. A duka biyun, shirun mai manhaja bai saci komai ba. Gaggawar cike gurbinsa ce ta ba kura ajiyar nama.

Masu cewa kada a taɓa kowa domin cire mutum cin fuska ne, ba su da hujja. Makullin da ba a amfani da shi abin sata ne: a 2022 wani ya sayi adireshin intanet na mai manhajar ctx ta harshen kwamfuta Python bayan wa'adinsa ya ƙare, ya karɓe asusunsa, ya gurɓata manhajar da ba a taɓa ta ba tun 2014. Don haka Fedora da Kubernetes, wata babbar manhaja da kowa ke iya dubawa da gyarawa, sun yi daidai da suke janye izini daga wanda ya shekara ba a ji ɗuriyarsa ba, Debian ma na da ayari guda da ke bibiyar waɗanda suka ɓace. A karɓe makulli, ba gardama.

Amma karɓe makulli daban, yanke wa mutum hukuncin ba shi da amfani daban. Na'urar ƙirga aiki layukan da aka rubuta take gani. Ba ta ganin tsohon hannun da ke karanta gyaran wasu ya ce a'a, ko wanda ya san dalilin da ya sa aka rubuta wani sashe a karkace shekara goma da suka wuce. Mutum ya haihu, ya yi jinya, ya sauya wurin aiki, ko ya gaji kawai, sai a aiko masa da saƙon na'ura cewa an cire shi. Irin wannan ba ya dawowa, kuma shi ne ya fi kowa iya gane baƙon da zaƙewarsa ta yi yawa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne inda yawancin matsin ke fitowa. Kamfanonin da ke samun biliyoyin daloli a kan waɗannan manhajoji su ne kan gaba wajen ƙorafin cewa ba a amsa musu da wuri. Lokacin da matsalar tsaro mai suna Heartbleed ta ɓulla a manhajar OpenSSL a 2014, sai aka gano wannan manhaja, wadda tsaron babban kaso na shafukan duniya ya rataya a kanta, gudummawar da take samu ba ta wuce kusan dala 2,000 a shekara ba. A Disambar 2021 'yan sa-kan manhajar Log4j suka kwana suna toshe ɓarakar tsaro, ana zaginsu. Wanda bai ba ka ko sisi ba, da wane baki zai kira ka malalaci? Ɗan sa-kai bai ci bashin kowa ba. Kamfanin da ke son a amsa masa cikin kwana ɗaya ya ɗauki ma'aikaci.

Gyaran ba shi da wani sarƙaƙiya. A tuntuɓi mutum da baki irin na mutane kafin a janye izininsa, a bar sunansa a jerin tsofaffin masu kula kamar yadda gidauniyar manhajoji ta Apache da Kubernetes ke yi, ƙofar dawowa a buɗe. Gurbinsa kuma ya zauna haka nan har sai an samu wanda wasu amintattu suka san shi ido da ido, kuma kada mutum ɗaya ya fitar da sabon zubi ba tare da wani ya duba ba. Idan ba a samu ba, a rubuta ƙarara a shafin manhajar cewa ba mai kula da ita, masu amfani su san inda dare ya yi musu. Jamus ta kafa asusun Sovereign Tech Fund a 2022 tana biyan masu riƙe da irin waɗannan manhajoji daga baitulmali. Kamfanonin da suka fi gwamnatoci da yawa kuɗi su ma su zuba nasu.