Tarihin Zango ma tarihi ne, a daina rushe shi

Ranar Asabar da ta wuce na tsaya a bakin layinmu nan Kumasi ina kallon katafila tana cin tsohon masallacin unguwa, wanda kakana ya yi karatun allo a barandarsa, kafin la'asar ba abin da ya rage sai tarin jar ƙasa da ƙofar katakon nan mai nauyi an jingine ta a bakin kwata, mai shayi yana tambaya ko za a sayar masa ya yi benci. Wai bene hawa uku za a ɗora, shaguna a ƙasa, tayil har sama. Ko hoton cikinsa ba wanda ya ɗauka balle a auna bango ko a rubuta waye ya gina shi.

Na ce wa wani dattijo a kwamitin masallacin, Baba Alhaji, ba dama a bar tsohon a gina sabon a filin baya? Ya ce ɗana ai salla ake yi a masallaci ba kallo ba, kuma ginin ƙasa ya tsufa. To wallahi wannan maganar ce ta hana ni barci, don ita ce ke cinye mana Zango gida bayan gida, daga nan har Sabon Zango da Nima a Ankara, babban birnin Gana.

Ku duba maƙwabtanmu Tonawa, wato Ashanti. A 2024 gidajen tarihi biyu na Landan sun kawo kayan sarauta guda 32 Manhyia, fadar sarkinsu, ciki har da na zinariya da sojan Ingila suka kwashe a yaƙin 1874, kuma aro ma aka ba su ba kyauta ba, amma kun ga yadda gari ya ɗauka. Tsofaffin ɗakunan gargajiyarsu irin na Besease kusa da Ejisu, da ƙasa da itace aka yi su kamar namu, tun 1980 suna cikin jerin UNESCO, tsofaffin gidajen Turawa na bakin teku irin su Elmina da Cape Coast kuwa tun 1979. Mu da kakanninmu suka sha hanyar Gwanja da jakuna suna fataucin goro, suka kafa Zango suka kawo karatu da rubutu, me muka ajiye da za mu nuna wa jikoki?

Masu cewa ginin ƙasa ba ya ƙarko, ba su san gini ba ne kawai. Masallacin Larabanga da ke arewacin Gana yana nan tsaye, kuma abin da ya kusa kashe shi siminti ne, wanda aka shafa masa wajajen shekarun 1970 da sunan gyara, danshi ya maƙale a cikin bango gara ta samu katako ta yi ta ci, sai bayan 2002 da ƙungiyar kare gine-ginen tarihi ta World Monuments Fund ta shigo aka kankare simintin aka koma yaɓen ƙasa yadda magabata ke yi. Ginin ƙasa yaɓe yake so duk shekara kafin damina, in aka yi sake ne ake ganin irin abin da ruwa ya yi wa tsohon masallacin Bole a 2023.

Abin da ya fi ci min rai ma takardu ne. A ɗakin liman akwai gafaka biyu cike da rubutun hannu, Larabci da ajami, na ga yara suna ɗibar su a buhun shinkafa, wasu ganyayen na faɗuwa a ƙasa ana takawa. Irin waɗannan takardun ne masu bincike na Jami'ar Gana da ke Legon suka bi gari gari suna nema a shekarun 1960, ciki har da rubuce-rubucen Alhaji Umaru na Karaci (Kete Krachi, nan Gana) wanda ya rasu a 1934, mu kuma ga su a hannunmu muna barin su ga gara da ɓera.

Kar kowa ya ce min aikin gwamnati ne, gwamnati ba ta turo katafilar nan ba, mu muka yi karo-karo muka ɗauko ta. Sarakunan Zango da limamai su zauna su lissafa tsofaffin masallatai da gidajen malamai, a kira hukumar gidajen tarihi da ɗaliban zanen gini na jami'ar KNUST da ke nan Kumasi su auna su ɗauki hoto, Asusun Raya Zango ya sa wani abu a ciki, kuma kar a ƙara taɓa bango sai an yi haka.

Ƙofar dai na biya na ɗauko, tana zauren gidanmu. Buhun takardun har yanzu ina bin gida gida ina tambayar inda aka kai shi.