Idan tara ta fi gyara araha, wa zai gyara?

Masu cewa a bar masana'antu su tsaya da ƙafafunsu tukuna, maganar hayaƙi da gurɓataccen ruwa a yi ta daga baya, kullum da ƙasar Sin suke kafa hujja. To ita ma Sin ɗin ba ta ji da daɗi ba. A watan Janairun 2013 hayaƙi ya turnuƙe Beijing, da rana tsaka direba sai ya kunna fitila, asibitoci suka cika da yara masu tari. A shekarar, matsakaicin ƙurar nan mai ratsa huhu da ake kira PM2.5 ya kai mikrogiram 89.5 a kowace mita kubik ta iskar birnin. Zuwa 2021 ya sauko 33.

Me ya sauko da shi? A 2014 Firimiya Li Keqiang ya ce an ɗaura yaƙi da gurɓatar muhalli, amma jawabi ai kowace gwamnati gwana ce. Ni a ganina dokar kare muhalli da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2015 ce ta yi aikin. Kafin ita, tara ɗaya ake cin mai masana'anta, shi kuwa ɗan kasuwa ne, sai ya buga lissafi ya ga biyan tarar ya fi sauƙi a kan sayen injin tace hayaƙi. Ya biya, ya ci gaba da harkarsa. Sabuwar dokar ta sa tarar tana hawa kullum har ranar da ka gyara, kuma ana iya tsare shugaban kamfani kwana 15. Daga 2016 aka riƙa turo masu bincike daga Beijing zuwa larduna, jami'in da ya rufa wa kamfani asiri kujerarsa ta girgiza. Nan lissafin ya juya.

Ba komai nasu ne abin koyi ba fa. Kamfanin ƙarfe na Shougang da aka fitar daga Beijing, Caofeidian aka kai shi a lardin Hebei, wato an dai sauya wa hayaƙin unguwa. A hunturun 2017 kuma aka hana talakawan Hebei ƙona kwal alhali iskar gas ba ta iso musu ba, yara suka yi karatu cikin sanyi har gwamnati ta sassauta. Gaggawar cika alƙaluma ke nan.

Mu dawo Kano. Ruwan majemu na Challawa da Sharaɗa da Bompai yana ɗauke da sinadarin kuromiyam mai guba, na Bompai ta rafin Getsi yake bi ya faɗa Jakara, kuma da shi masu lambu ke ba latas da alayyafo ruwa. Hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli a Najeriya tana nan tun 2007, dokoki kuma a rubuce suke. Ban ce a rufe majema ko ɗaya ba, dubban gidaje ke ci daga fata. Ina so ne a riƙa auna ruwan kowace masana'anta a bakin bututunta, a buga sakamakon da sunanta kowa ya gani, tarar kuma ta riƙa ƙirga kwana.