Yadda na gano maganin jan bairas

Duk wanda ya koyi kwamfuta a shagon buga takardu a ƙasar nan, akwai darasin da ake fara ba shi tun kafin ya san inda harafin A yake a kibod, wato rifresh. Da kwamfuta ta gama tashi, sai ka danna mawus ta ɓangaren dama, ka zaɓi rifresh, ka kuma, ka sake kumawa, har sai hankalinka ya kwanta. In ka ƙware sai ka haɗa da maɓallin F5 na kibod, ka ɗora yatsa a kai ka yi ta bugu. Ogan da ya koya mini cewa ya yi hakan ne ke sa inji ya wartsake. Daga baya masu ilimin abin suka ce ba haka ba ne, sake jera abin da ke kan sikirin kawai yake yi, ba ya ƙara wa inji gudu ko na sisin kwabo. Na ji, na kuma yarda. Sai dai yatsana ba ya wurin lokacin da ake wannan bayani.

Shagona yana bakin titi, kusa da wata babbar makaranta. Fotokwafi, buga takardu, laminatin, hoton fasfo na gaggawa. Kwamfutar tebur ce guda ɗaya, tsohuwa, mai Windows 7, fankarta na gurnani tun daga safe har a rufe shago. Filash ɗin da ke shiga cikinta a rana kuwa, Allah kaɗai ya san yawansu da inda suka kwana.

Wata ranar Laraba wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ta shigo ido ya kumbura. Gobe za ta kare furojet ɗinta a gaban malamai, ga shi duk foldojin da ke filash ɗinta sun koma shotkot, kowace da 'yar kibiya a gindinta, in ka danna ba abin da ke buɗewa. Na gyara zama, na yi rifresh. Na sake yi. Na fara haɗa kalmomin jaje a raina, irin su komai ya yi zafi maganinsa Allah, sai ɗan yayata da ya zo hutun yajin aiki ya ce, "Kawu, ɗan matsa." Ya ciro nasa filash ɗin, ya ɗora wata manhaja mai suna Total Commander, ya shiga saiti ya kunna nuna ɓoyayyun fayiloli. Sai ga foldojin yarinya ras, babu abin da ya taɓa su. Ashe wannan bairas ɗin ba cinye kaya yake yi ba, alamar ɓoyewa yake manna musu, Explorer ɗin da Windows ke zuwa da shi ya ƙi nuna su, sannan ya jera shotkot na bogi a madadinsu. Yaro ya cire alamar, ya goge na bogin. Ɗaliba ta durƙusa har ƙasa tana yi mini godiya, ni. Na karɓa, don ba kyau a mayar da hannun kyauta baya.

Daga ranar na ce na bar Explorer har abada.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne sallamar manhajar. Duk lokacin da ka buɗe ta, sai wani akwati ya tare ka da maɓallai uku, 1, 2 da 3, ya ce danna lamba kaza kafin ka shiga. Lambar kuma canzawa take yi, ba dama ka haddace. Na ɗauka jarrabawa ce ta tantance masu hankali. Ɗan yayata ya ce a'a, tunin bashi ne. Wani mutumin Suwizalan ne, Christian Ghisler, ya rubuta manhajar ya fitar da ita a 1993. Da farko sunanta Windows Commander, sai Microsoft suka ce kalmar Windows tasu ce, ya canza suna a 2002. Ƙa'idarsa ita ce ka gwada wata ɗaya, in ta yi maka ka biya. In ba ka biya ba, ba zai rufe maka komai ba, ba zai rage maka komai ba, lamba kawai zai riƙa sa ka danna. Kamar mai bin bashi mai kunya, wanda kullum zai biyo ta ƙofar gidanka ya yi sallama, ya tambayi iyali, ya wuce, bai taɓa ambaton kuɗin ba. Na ce lalle wannan bawan Allah bai taɓa buɗe shago a unguwarmu ba. Na sa niyyar biya, kuma har yanzu niyyar tana nan lafiya lau.

Sikirin ɗin manhajar a rabe yake gida biyu. Hagu wuri ɗaya, dama wani wurin. Yaron ya ce tsohon tsari ne, tun daga Norton Commander ta 1986, zamanin da ba a san mawus sosai ba, komai da kibod ake yi. Ya saita mini hagu a kan foldar shago, dama a kan filash ɗin kwastoma. Gaskiya abin ya yi daɗi. Da, sai na buɗe taga biyu, in ja wannan gefe in ja waccan gefe, ɗaya ta ɓuya a bayan ɗaya, in yi ta laluben ta. Yanzu ga nawa ga naka, ido na ganin ido. Ya fara yi mini bayanin layin maɓallan da ke ƙasa, F3 kaza, F4 kaza, na ce ya isa, tun yana cikin zanin goyo nake taɓa kwamfuta. Washegari aka janye yajin aiki ya koma makaranta.

A foldar shago akwai wani fayil na Excel da na raɗa wa suna AAA, don ya riƙa zama a can sama in same shi da sauri. Littafin bashi ne. Layin farko suna, na biyu kuɗi, na uku kwanan wata. Na huɗu kuwa na sa masa suna "Bayani", kuma a nan nake sauke abin da ke cikina bayan na gama yi wa mutum murmushi. Ba wanda ya san da shi, har yaron shagona.

Da safe wani malami ya kawo filash. Na soka, na buɗe manhaja, na danna lambar mutumin Suwizalan, hannuna ya tafi inda ya saba, can sama ta hagu, ya danna mawus ta dama. Maimakon jerin nan da ke ɗauke da rifresh ya fito, sai sunan AAA ya koma ja. Ja wur.

Gabana ya faɗi. A iya sanina, ja a kwamfuta ba ya zuwa da alheri. Na ce, "Malam, filash ɗinka akwai ciwo, har ya harbi fayil ɗina." Malam ya ce inna lillahi, jiya jiya ɗansa ya ara. Ni kuma yatsa ya riga ya kai kan F5. Wani ɗan akwati ya fito da rubutun Turanci, na buga Enter ban karanta ba, don a sana'ar nan in ka tsaya karanta kowane akwati ba za ka ci abincin rana ba. Wani abu ya gifta a sikirin, ƙiftawa da bismilla. Na duba, jan ya tafi. AAA ya dawo baƙi, lafiya ƙalau.

Na jingina da kujera. Na ce, "Malam, ka gode wa Allah a nan ka kawo." Ya ƙara mini naira 200 a kan kuɗin aiki.

To, ka san mutum in ya gano magani. Duk filash ɗin da aka kawo, sai hannu ya je sama ta hagu, sai ja ya fito, sai F5 da Enter, sai ja ya ɓace. Na ce wa yaron shago annoba ce ta shigo gari, kowa na ɗauke da ita bai sani ba. Har na sa ya rubuta a kwali da maka, ANA CIRE JAN BAIRAS, ya manna a ƙofa. Akwai filash ɗin da ya dawo karo na biyu, akwatin ya ƙara wata tambaya mai ɗan tsawo. Ita ma na ba ta Enter. Daga baya ne na ji tambayar cewa take yi, akwai wannan fayil ɗin a can tun tuni, a ɗora sabo a kansa? Wato har sabunta wa mutane nake yi, kada su zauna da tsohon lissafi.

Asiri ya tonu ne ta hannun wani Alhaji, sakataren ƙungiyar ci gaban unguwa. Ya kawo filash a buga masa ajandar taro da rahoton kuɗin gyaran kwalbati, kwafi 40. Na yi masa maganin ja kyauta, saboda girma. Ina shirin turawa firinta aka ɗauke wuta, janareta kuma ba mai. Alhaji ya zare filash ɗinsa ya tsallaka titi wurin maƙwabcina, abokin hamayyata a sana'a, ya ce masa, "Duk abin da ke ciki buga mini, arba'in arba'in, a haɗa da sitefula." Mutumin nan ya buɗe, ya gani, ya karanta, ya gane ko na wane ne. Kuma ya buga. Har ya juya takardar a kwance don layin Bayani ya fito sosai, kada harafi ɗaya ya yanke. An ce ranar bai karɓi kuɗin shafin ƙarshe ba, ya ce gudummawarsa ce ga unguwa.

Ban halarci taron ba, amma an ba ni labari daga majiyoyi da yawa, kuma duk sun yi ittifaƙi cewa ba a tattauna kwalbati ba.

Bayan la'asar Alhaji ya iso, takarda a hannu, tabarau a kan hanci. Bai yi zagi ba, da ma ya yi. Ya ja kujera ya zauna, ya ce, "Lamba ta bakwai. Naira 4,500. Bayani: in ya zo a ce tonar firinta ta ƙare." Ya ɗago ya dube ni. "Ashe tonar nan da ke yawan ƙarewa, ni take gani ta ƙare?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, aikin bairas ne."

"Bairas ɗin ne ya san na yi Umara bana ban biya ka ba? Ga shi nan a rubuce."

Na ce irin na zamanin nan ba abin da ba su sani ba. Yaron shago ya shige bayan injin fotokwafi, kafaɗunsa na rawa.

Da dare na kira ɗan yayata na zayyana masa komai, tun daga ja har zuwa kwali. Ya yi shiru, har na zaci kati ne ya ƙare. Can ya ce, "Kawu, ja ba ciwo ba ne. A wannan manhajar danna mawus ta dama zaɓen fayil ne, abin da ka zaɓa shi ke komawa ja. In jerin nan kake so ya fito, sai ka danne ka ɗan riƙe. F5 kuma kwafi ne, daga ɓangaren da kake zuwa ɗaya ɓangaren. In ya gama kwafa sai ya cire jan. Rifresh ɗinka yana kan F2." Na ce F2 ai canza suna ne, kowa ya sani. Ya ce a Explorer ke nan. Na ce to wane irin mutum ne zai ɗauki maɓallin da al'umma ta dogara da shi ya ba shi wani aiki? Ya ce tun 1986 F5 kwafi ne a wannan zuri'ar, kuma a rubuce yake ɓaro-ɓaro a ƙasan sikirin, layin da ya so ya karanta mini na ce yana cikin zanin goyo. Na ce ba tarihi na kira ya ba ni ba. Ya ce in kuɗin mutumin Suwizalan ne ke damuna akwai Double Commander, kyauta ce, ba lamba ba tuni. Na tambaya, F5 ɗinta fa? Ya ce kwafi. Na kashe waya.

Kwanakin da suka biyo baya shago ya cika, amma ba da masu fotokwafi ba. Wani tela ya zo ya biya naira 1,200 ɗinsa bai ce uffan ba, ya tsaya a kaina sai da na goge "ɗinkinsa ma haka yake, alkawari ba cikawa" a gaban idonsa. Wani ɗalibi ya zo gardama, wai 800 ne ba 900 ba, amma bai musa "ya fi kowa turare, ya fi kowa tsiya" ba. Malamin nan na farko ya dawo karɓar naira 200 ɗinsa ta magani, na ba shi, na ce a bar maganar. Wani kuma da ban taɓa bin sa ko kwabo ba ya zo neman kwafi, wai matarsa na son ta duba ko ƙaninta na ciki. Yana ciki. Maƙwabcina ya riƙa ɗago mini hannu daga tsallaken titi da fara'ar da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Kwalin ƙofa na sa yaro ya cire da asuba.

Abin mamaki, kuɗin da suka shigo a makon sun fi abin da na saba karɓowa a wata uku na aike da lallashi. Ban ce a gwada ba, na dai faɗi abin da ya faru.

Ranar Asabar sai ga wata Hajiya mai sayar da atamfa, da takardar taron a ninke cikin jaka. Na fara lissafin ta inda zan fita. Ta shimfiɗa takardar a kan tebur, ta ɗora yatsa a kan layinta, ta ce, "Karanta mini da bakinka." Na karanta: "Ta biya. Ba ta taɓa wuce kwana biyu ba. Allah ya yawaita irinta." Ta ce, "Sake." Na sake. Ta ce a fitar mata da layin shi kaɗai da manyan haruffa, kwafi uku, a yi laminatin, ɗaya na shago, ɗaya na falo, ɗaya kuma za ta aika wa kishiyarta, wadda ke lamba ta goma sha biyu.

Na buga, na yi laminatin, na goge da hankici na miƙa mata. Na ce naira 1,500 ne, Hajiya.

Ta zuge jaka, ta gyara mayafi, ta ce, "Rubuta, zan aiko."