Ruwan haidurojin ba zai maye gurbin kemo ba

Duk wanda ya yi jinyar mai ciwon daji ya san azabar kemo, wato magunguna masu ƙarfi da ake kashe ƙwayoyin ciwon da su: amai, zubewar gashi, bakin da ko kunu ba ya karɓa. Sai ka ga baiwar Allah daga ƙauyukan Ringim ko Dambatta ta yi zagaye biyu a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ta ce ita kam ta haƙura. Daidai nan masu tallar ruwan haidurojin, wato ruwan sha da aka narkar da iskar haidurojin a cikinsa, suke samun ƙofa a WhatsApp, suna cewa yana rage azabar kemo, har ma yana warkar da daji.

Maganar tana da tushe, ban musa ba. A 2007 masu bincike a Japan suka nuna iskar haidurojin na rage wasu sinadarai masu lalata ƙwayoyin jiki. A 2009 aka gwada ta a kan ɓeraye da aka ba cisplatin, ɗaya daga magungunan kemo masu wahalar da ƙoda. Ƙodar ta samu sauƙi, maganin kuma bai fasa yaƙar ciwon ba. Daga baya a Sin aka ba masu ciwon daji na hanji ruwan lokacin kemo, aka ga alamar hantarsu ta fi jurewa. Amma ɓera ba mutum ba ne, gwajin mutanen ma ƙanana ne. Kuma a lura, sauƙin illar magani ake magana, ba warkar da ciwon ba.

Ga kuma abin da mai talla ba zai faɗa ba. Lita guda ta ruwa, in ba an matsa iskar da ƙarfi ba, ba ta riƙe haidurojin da ya wuce kusan miligiram 1.6, kuma iskar na sulalewa ta jikin roba da leda. Gorar da ta yini a bayan mota cikin zafin Afrilu, me ya rage a cikinta?

Abin da ke ci mini rai shi ne kuɗin. Magidanci ya sayar da akuya ko buhun gero, maimakon ya biya zagaye na uku da kuɗin mota zuwa Kano, sai ya zuba a gora. Jinkirta kemo kuwa dama ce ga ciwon ya bazu.

Mai son gwadawa ya fara tambayar likitansa, kada ya tsallake ranar allura ko ɗaya. Ya kamata kuma hukumar NAFDAC ta bibiyi duk wanda ke cewa ruwan nan yana warkar da daji.